Tarihin tukwanen Girka masu jan zane

Da wuya mutum ya shiga wani babban gidan adana kayan tarihi a Turai ko Amurka bai tarar da jerin wasu baƙaƙen tukwane masu sheƙi ba, waɗanda aka zana mutane da dabbobi a jikinsu da launin jar ƙasa.

Tsoffin Girkawa ne suka gina su, akasari a birnin Atina, daga wajejen shekara ta 530 zuwa ta 320 kafin Miladiyya.

Masana sun ƙiyasta cewa fiye da 40,000 daga cikin waɗanda aka gina a Atina sun kawo wannan zamani, wasu lafiya lau, wasu kuma a farfashe. Akwai kuma wasu fiye da 20,000 da aka gina a kudancin Italiya.

Darajarsu a yau ta samo asali ne daga wata asara. Manyan zane-zanen da Girkawa suka yi a kan bango da allunan katako, waɗanda marubutan wancan zamani suka yi ta yabo, kusan duk sun salwanta. Yumɓun da aka toya kuwa ba ya ruɓewa, don haka tukwanen suka zama babbar shaidar da ta rage kan yadda Girkawa ke zane, da kuma yadda suke kallon rayuwarsu.

Yadda salon ya samo asali

Kafin ɓullar jan zane, abin da aka sani shi ne baƙin zane. An fara shi a birnin Korinti a wajejen shekara ta 700 kafin Miladiyya, daga baya maginan Atina suka ɗauka suka ƙware a kai.

A wancan salo, mai zane kan shafe siffar mutum baki ɗaya da baƙi, tamkar inuwa, a kan jan jikin tukunya. Sannan ya ɗauki tsinke mai kaifi ya kankaro ido da gashi da ninkin tufafi.

Wannan hanya tana da iyaka. Tsinke ba ya lanƙwasa yadda hannu ke so, kuma duk layin da ya ja kusan kaurinsa ɗaya ne. Saboda haka siffofin kan fito a sandare, akasarinsu suna kallon gefe.

A wajejen shekara ta 530, wani mai zane da ke aiki a wurin wani magini mai suna Andokides ya juya lamarin. Ya shafe kewayen siffar da baƙi, ya bar ita siffar da launin yumɓu, sannan ya zana abin da ke cikinta da buroshi.

Tun da bai sa hannu a ayyukansa ba, masana suna kiransa Mai Zanen Andokides, kuma shi ne aka fi dangantawa da ƙirƙiro salon.

Daga wannan lokaci ne aka samu wasu tukwane da masana ke kira masu harshe biyu, domin gefe guda baƙin zane ne, ɗaya gefen kuma jan zane. A birnin Munich na Jamus akwai irin wannan tulu, wanda ke nuna jarumi Herakles a kishingiɗe wurin liyafa a dukkan ɓangarorin biyu.

Cikin shekaru talatin zuwa arba'in sabon salon ya rinjayi tsohon. Wurin da baƙin zane ya daɗe bai gushe ba shi ne tulunan man zaitun da ake bai wa zakarun wasannin bikin Panatenaya a Atina, inda al'ada ta hana a sauya.

Gini da tuya

Unguwar magina a Atina ana kiranta Kerameikos, kuma tana arewa maso yammacin babbar kasuwar birnin. Yumɓun yankin yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai yawa, wanda shi ne ke ba shi jan launi idan ya sha wuta, kamar yadda tsatsa ke yi wa ƙarfe.

Magini kan jiƙa yumɓun ya tace shi, sannan ya gina tukunyar a kan wani faifai da yaron gida ke juya masa da hannu. Manyan tukwane ana gina su ne kashi-kashi, daga baya a haɗa wuya da gindi da hannuwa.

Idan tukunyar ta sha iska amma ba ta bushe ƙayau ba, sai mai zane ya karɓa. Yakan fara tsara siffofin sama-sama da gawayi ko wani ɗan itace marar kaifi, wanda har yanzu ana iya ganin sawunsa a jikin wasu tukwanen.

Baƙin da ake gani a jikinsu ba fenti ba ne. Shi ma yumɓu ne, wanda aka dama da ruwa aka bar tsakuwa da yashi suka kwanta, aka kwashi mafi laushinsa daga sama.

Ke nan a lokacin da mai zane ke aiki, abin da yake shafawa da abin da yake shafa wa kusan launinsu ɗaya. Sai a cikin matoya ne bambancin ke bayyana.

Bayanin da masana suka fi amincewa da shi shi ne cewa tuyar hawa uku ce. Da farko ana barin iska ta shiga, zafi ya kai kimanin digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, komai ya yi ja.

Daga nan a toshe kafofin iska, a jefa ɗanyen itace, zafi ya haura zuwa kimanin digiri 950. Hayaƙin kan zuƙe iskar oksijin daga sinadarin ƙarfen, sai tukunyar ta yi baƙi baki ɗaya, tataccen yumɓun da aka shafa kuma ya narke ya liƙe.

A hawa na uku a sake buɗe kafofin yayin da matoya ke hucewa. Inda ba a shafa komai ba iska kan ratsa, ja ya dawo. Inda aka shafa kuwa ya riga ya toshe, don haka ya zauna a baƙinsa.

Maginan ba su da ma'aunin zafi. Da launin wuta suke ganewa, da kuma wasu 'yan tsingaro da suke sakawa a matoya suna zarowa lokaci zuwa lokaci domin dubawa.

Wannan ilimi ya ɓace tsawon ƙarnoni, sai a shekara ta 1942 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Jamus, Theodor Schumann, ya yi nasarar kwaikwayon baƙin. Wani bincike da cibiyar Getty ta Amurka ta jagoranta a shekarun 2010 ya nuna alamun cewa wasu tukwanen sun shiga wuta fiye da sau ɗaya.

Masu zanen

Abin da buroshi ya kawo shi ne 'yancin hannu. Mai zane na iya jan layi mai kauri da ya taso har yatsa ya ji shi, yana kuma iya tsarma yumɓun ya ja siririn layi mai ruwan zuma domin nuna jijiya da tsoka.

Waɗanda suka fara cin moriyar wannan dama su ne wasu masu zane da suka yi aiki tsakanin shekara ta 520 da ta 500, cikinsu har da Euphronios da Euthymides da Phintias. Su ne suka tsunduma cikin zana mutum yana waiwaye, ko ya sunkuya, ko ya juya baya, ko ƙafarsa na fuskantar mai kallo.

Akwai alamun cewa sun san juna, kuma suna gasa. A jikin wani tulu da ke Munich, wanda ke nuna wasu dattawa uku suna rawa, Euthymides ya rubuta wata 'yar magana da akasarin masana ke fassarawa da cewa Euphronios bai taɓa yin irin wannan ba.

Sa hannun da ake samu iri biyu ne. Wani sunan kan zo da kalmar da ke nufin "ya gina", wani kuma da mai nufin "ya zana". Euphronios ya fara ne a matsayin mai zane, daga baya sunansa ya riƙa fitowa a matsayin magini.

Ba duka ma'aikatan ne 'yan asalin Atina ba. Sunaye irin su Skythes da Syriskos suna nuni ga ƙasashen Sikitiya da Siriya, abin da ya sa ake jin cewa akwai baƙi da bayi a cikinsu.

Wani tulun ruwa da aka tono a Ruvo ta Italiya yana nuna masu zane a bakin aiki, kuma a gefe guda ga wata mace zaune tana yi wa wata babbar tukunya ado.

Shekarun 500 zuwa 470 su ne ake ɗauka lokacin da salon ya kai ƙololuwa. A kan manyan tukwane an yi Mai Zanen Berlin, wanda ya shahara da tsayar da mutum guda tak a tsakiyar baƙin fili, da kuma Mai Zanen Kleophrades. A kan kofuna kuwa an yi Douris da Makron da Onesimos da Mai Zanen Brygos.

Daga tsakiyar ƙarni na biyar, masu zanen tukwane sun koma kwaikwayon manyan masu zanen bango irin su Polygnotos, suna jera siffofi hawa-hawa. Zuwa ƙarshen ƙarnin, a zamanin Mai Zanen Meidias, ado ya yi yawa, aka shiga ƙara farin launi da ruwan zinariya.

Amfaninsu da abin da suke nunawa

Kowace tukunya da aikinta. Amfora tulu ne mai hannu biyu na ajiye man zaitun ko giyar inabi, hidiriya kuma tulun ɗebo ruwa ne mai hannu uku. Lekitos 'yar kwalbar mai ce da ake yawan ajiyewa a kabari.

Kaso mai yawa na tukwanen kayan wata liyafa ce ta maza zalla da ake kira simfoziyom, inda ake kishingiɗa ana sha, ana waƙa da muhawara. Girkawa ba sa shan giyar inabi tsagwaronta, don haka ake sirka ta da ruwa a wata babbar randa mai faɗin baki da ake kira kirata, a zuba a faffaɗan kofi mai suna kiliks.

Yawancin zanen ya shafi hikayoyin abubuwan bautarsu da jarumansu, musamman Herakles da Theseus da yaƙin Taroya. Wasu labaran ma babu inda suka rage sai a jikin tukwanen, domin littattafan da suka ƙunshe su sun ɓace.

Wani tulun ruwa na Mai Zanen Kleophrades da ke birnin Naples yana nuna daren da aka ci Taroya da yaƙi. Hankalin mai zanen ya fi karkata ga waɗanda aka ci: tsohon sarki zaune da gawar jikansa a cinya, mata kuma sun dafe kai.

Akwai kuma rayuwar yau da kullum. Wani kofi na Douris da ke Berlin yana nuna makaranta, yara na koyon kiɗa da karatu, malami riƙe da allon rubutu. Wani kofin a can Berlin ɗin yana nuna maƙeran tagulla suna haɗa mutum-mutumi a gaban wuta.

A gidan tarihi na Louvre da ke Paris akwai wata 'yar kwalbar mai da ke nuna likita yana yi wa majinyaci tsaga a hannu, wasu kuma suna jiran layi. Ana ganin mata suna kaɗi da saƙa, da kai amarya, da 'yan kokawa, da mayaƙi yana sallama da iyayensa.

Sai dai masana na gargaɗin cewa mai zane yana zana abin da mai saye ke so ne. Liyafa da wasanni sun cika tukwanen, alhali noma da wahalar bayi, waɗanda tattalin arzikin Atina ya dogara a kansu, ba su cika fitowa ba.

Fatauci

Mafi yawan kyawawan tukwanen da suka rage lafiya, a Italiya aka same su. Mutanen Eturiya, da ke zaune a tsakiyar ƙasar kafin ƙarfin Rumawa ya bunƙasa, sun riƙa sayensu da yawa suna binne mamatansu da su a ɗakunan kabari na ƙarƙashin ƙasa, inda suka tsira daga fashewa.

Jiragen ruwa sun kai su Sifaniya da kudancin Faransa da gaɓar Bahar Aswad, da kuma Masar da Libiya. Salon ƙarshe na Atina ma ana kiransa salon Kerch ne, saboda yawan waɗanda aka tono a garin Kerch na yankin Kirimiya.

Sun kai har Sudan. A shekara ta 1921 masu tono daga Amurka sun gano wani kofi mai siffar mayaƙiya a kan doki a maƙabartar sarakuna ta Meroe, ɗauke da sa hannun wani maginin Atina mai suna Sotades. Yanzu haka yana birnin Boston.

Duk da wannan nisa da suka yi, ba kaya ne masu tsada ba. Farashin da fatake suka kankara a gindin wasunsu ya nuna cewa ko manyan ba su cika wuce dirakma biyu zuwa uku ba, a lokacin da dirakma guda ita ce ladan yinin ƙwararren ma'aikaci.

Wannan ne ya sa wasu masana biyu 'yan Birtaniya, Michael Vickers da David Gill, suka bayyana a wani littafi a shekara ta 1994 cewa tukwanen kwaikwayo ne na kwanukan azurfa da zinariya da attajirai ke amfani da su. Masana da dama ba su amince da dukkan hujjojinsu ba, amma muhawarar ta sauya yadda ake kallon matsayin magina.

Ƙarshen salon

A wajejen shekara ta 440 aka fara gina irin waɗannan tukwane a garuruwan Girkawa na kudancin Italiya, musamman Metaponto da Taranto. Daga nan sana'ar ta bazu zuwa Kamfaniya da Paestum da tsibirin Sisili.

Maginan yankin Apuliya sun shahara da manyan randunan jana'iza. Ɗaya daga cikinsu, wadda ke Naples, tsayinta ya haura mita guda, kuma tana nuna Sarki Dariyus na Farisa zaune da mashawartansa.

A Atina an daina jan zane a wajejen shekara ta 320, a Italiya kuma a wajejen ta 300. Masu saye sun koma kan kwanukan ƙarfe, da baƙaƙen tukwane marasa zane, da waɗanda ake fitar wa ado da mazubi.

Sake gano su

Lokacin da Turawa suka fara tono su a ƙarni na 18, sun ɗauka aikin mutanen Eturiya ne. Wannan zato ne ya sa maginin nan ɗan Ingila, Josiah Wedgwood, ya sanya wa masana'antar da ya buɗe a shekara ta 1769 suna Etruria.

A shekara ta 1772 gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya sayi tarin tukwanen da jakadan ƙasar a Naples, William Hamilton, ya tara. Tonon da aka yi a Vulci a shekarun 1828 da 1829 ya fito da fiye da 3,000, kuma rubutun Girkanci da ke jikinsu ya taimaka wajen tabbatar da asalinsu.

A shekarun 1880 an tono ɓaraguzan da suka rage bayan Farisawa sun ƙona tsaunin Akropolis na Atina a shekara ta 480. Samun tsingaron jan zane a cikinsu ya nuna cewa salon ya girmi wannan yaƙi.

Mutumin da ya fi kowa tasiri a wannan fanni shi ne John Beazley na Jami'ar Oxford, wanda ya rayu daga 1885 zuwa 1970. Ya lura cewa kowane mai zane yana da yadda hannunsa ya saba fitar da kunne ko idon sawu ko ninkin riga, ba tare da ya yi tunani ba.

Ta haka ya rarrabe dubban tukwane marasa sa hannu, ya raɗa wa masu zanensu sunaye daga garin da wata tukunyarsu take, ko maginin da suka yi wa aiki. Babban littafinsa kan jan zane ya fito a 1942, aka sake buga shi da ƙari a 1963. Arthur Dale Trendall, haifaffen New Zealand, ya yi irin wannan aiki a kan tukwanen kudancin Italiya.

Sata da mayarwa

Danganta tukunya da sunan gwani ya ɗaga farashinta a kasuwa, tsadar kuma ta ƙara wa masu fasa kaburbura ƙaimi.

Babu labarin da ya fi fito da wannan fili kamar na wata kirata da Euphronios ya zana a wajejen shekara ta 515, maginin da ya gina ta kuma Euxitheos. Tana nuna Barci da Mutuwa, cikin siffar mayaƙa masu fukafukai, suna ɗauke gawar jarumi Sarpedon daga fagen yaƙin Taroya.

A shekara ta 1972 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saye ta a kan dala miliyan guda daga wani dillali ɗan Amurka, Robert Hecht, wanda ya ce ta fito ne daga hannun wani mai tara kayan tarihi a Beirut. Hukumomin Italiya kuwa sun dage cewa an sace ta ne a ƙarshen 1971 daga wani kabari kusa da garin Cerveteri.

Lamarin ya ɗauki sabon salo a 1995, lokacin da jami'an tsaro suka kai samame rumbun wani dillali ɗan Italiya, Giacomo Medici, a birnin Geneva, suka samu dubban kayayyaki da hotuna. A 2004 wata kotu a birnin Rum ta same shi da laifi. Shari'ar Hecht kuwa ta ƙare a 2012 ba tare da hukunci ba, saboda wa'adin da doka ta tanada ya wuce.

A watan Fabrairun 2006 gidan tarihin ya amince ya mayar da tukunyar, kuma ta isa Italiya a watan Janairun 2008. A wannan tsakani gidan tarihi na Boston ya mayar da kayayyaki 13, na Getty kuma ya amince da mayar da 40.

Masu binciken tarihi sun ce mayarwar ba ta maye gurbin abin da aka rasa. Tukunyar da aka tono bisa ƙa'ida takan bayyana wanda aka binne, da zamaninsa, da kayan da aka ajiye tare da ita. Wadda ɓarawo ya zaro da dare kuwa, wannan bayani ya tafi ke nan.

A shekara ta 2014 aka kai tukunyar Euphronios gidan tarihi na Cerveteri, kusa da maƙabartar da ta shafe kusan shekaru 2,500 a cikinta.